Takalmin Alwalar Yacuba

Shekarar da Najeriya ta canza launin naira ta kuma rufe iyakarta, wata safiya aka wayi gari a Gaya, garin da ke bakin iyakar, da labarin an shiga banki. Kafin rana ta ɗaga, duk wanda ke da ko dala a wurin ya hallara: masu kamiyo (manyan motocin kaya), matan da ke bandar kifi, manoman shinkafa, har da waɗanda ba su taɓa taka ƙofar ba sai don gulma. Reshe ne na wani babban banki mai uwar gida a Yamai, kuma watanni ke nan mutum in ya zo karɓar nasa sai a ce ya je ya dawo gobe. Yau ga shi goben ta zo, an ce akwatin ƙarfe a buɗe yake, ko ƙwandala babu.

Ajidan Sule, shugaban jandarmomin garin, bai ɓata lokaci ba ya aika a kira Mumuni. Dillalin shanu ne Mumuni, mutumin Yelu, kuma duk kara, wato kasuwar shanu, babu kamarsa wajen bin sawun saniyar da aka sace. Ba sai ka tambayi kowa ba, shi da kansa zai gaya maka haka. Ya iso da saurinsa, jakar fata a hammata. Cikin jakar akwai sabon takalmi da ya sayo a kasuwar Malanbil da ke ƙetaren kogi, wanda ya rantse ba zai taɓa ƙasa ba sai ta Makka, don kuɗin kujerarsa na bana suna cikin bankin nan. Kullum da takalmin yake yawo yana nuna wa mutane, har yaran kara suka fara ce masa Alhaji.

Ya tarar da direktan banki, Mushe Isufu (wato Malam Isufu a bakin 'yan boko), tsaye kan dakali cikin farar riga yana yi wa jama'a bayani.

"Ku kwantar da hankalinku! Tunda sata ce, bankinmu yana da masu tsaya masa. Yamai za ta biya kowa, babu wanda zai yi asara. Abu ɗaya ya rage, a kama ɓarawo."

Sai aka ji suna yana yawo baki-baki: Yacuba. Shi ne mai ba da kuɗi a taga, kuma jiya da rana direkta ya kore shi. Bayan la'asar ya hau kan ganga a tasha ya tona wa banki asiri, ya ce direkta ya kwashe ajiyar mutane ya sayi naira don ya ci riba, aka canza kuɗin suka zama takarda. Jiya garin kaf ya tattara a tasha yana masa tafi. Yau da aka ce in sata ce za a biya, bakunan nan dai su ne ke cewa dama yaron idonsa a tsaye yake.

* * *

Ajidan ya kai Mumuni bayan banki. An fasa kwaɗon ƙofar baya, amma akwatin ƙarfen da mabuɗi aka buɗe shi. Direkta ya ce mabuɗi biyu ne, nasa da na Yacuba, kuma Yacuba bai mayar da nasa ba. Ya ce buhunan silalla ma na matan kasuwa duk an yi awon gaba da su.

Mumuni ya duƙa, nan take murna ta kama shi. Sawu ne raɗau kamar an zana: takalmin taya, ƙafar hagu da faci. Ya fito daga ƙofa, ya bi gefen lambun furannin direkta, ya tsallake guntuwar katanga, ya faɗa lungu.

"Ku biyo ni! Kowa ya tsaya bayana!"

Ya shiga gaba, jandarmomi a baya, rabin gari a bayansu. Ba a yi nisa ba sawun ya tsaya jikin wani darni. Mumuni ya zura hannu ta ƙarƙashi ya zaro takalmin, ya ɗaga sama kowa ya gani. Wuri ya kaure da salati, don darnin gidan Yacuba ne, takalmin kuma babu ma'aikacin banki da bai san nasa ba ne.

Daga kan tabarma aka fizgo Yacuba, ko takalmi ba a bar shi ya sa ba. Da za a wuce da shi ya ja ya tsaya gaban Mumuni.

"Baba Mumuni, takalmi ka bi ko ƙafa?"

Aka tunkuɗa shi gaba. Ajidan ya ce kamiyon soja zai tashi zuwa Yamai bayan la'asar, da shi za a tafi. Zamanin soja ne, kuma wanda kamiyon nan ya ɗauka, uwarsa kan daɗe ba ta ji ɗuriyarsa ba.

Mutane suka yi ta jinjina wa Mumuni, shi kuwa daɗin ya riga ya fita daga bakinsa. Tambayar yaron ta hana shi sakat.

* * *

Ya bi su har barikin jandarma, ya roƙi Ajidan ya bar shi ya ga ɗaurarre.

"Takalmin nawa ne, Baba," in ji Yacuba ta tagar ɗakin. "Na alwala ne. Kowa a banki yana da nasa gindin famfo. Da aka kore ni ko hulata ba a bari na ɗauka ba."

"Mabuɗin fa?"

"A hannunsa na sa masa. Mu biyu ne kaɗai a biro, cikin ofishinsa."

"Daga tasha ina ka nufa?"

"Har aka kira magariba ina kan gangar nan, gari shaida ne. Na yi salla na shiga gida. Daren kam ba ni da shaida sai matata, ita kuwa wa zai saurare ta?"

"To kai me ya kai ka? Ga albashinka, ga inuwa."

Yacuba ya sunkuyar da kai. "Wata tsohuwa ce daga ƙauyen Bana. Ta zo karɓar kuɗin maganin jikanta, na ce ta dawo gobe, alhali na san babu komai a akwatin. Ta dawo, na sake ce mata gobe. Ran nan ta zo ta ce in bar shi kawai, yaron ya riga mu gidan gaskiya. Baba, har godiya ta yi mini."

Mumuni ya juya. Ya fito yana share fuska da hannun riga, wai gumi ne.

* * *

Wanda ya fara faɗo masa a rai shi ne Ɗan'azumi mai kamiyo, wanda a gaban mutane ya taɓa rantsuwa sai ya ɓalle ƙofar banki da ƙarfen taya. Mumuni ya nufi tasha har yana haɗawa da gudu. Ya same shi kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai a waje. Da ganin ƙafafun ya san ya yi zuwan banza, don kowace ɗaya ta kusa faifai, ko da man shanu ba ta shiga takalmin Yacuba.

Ɗan'azumi ya fito yana dariya. "Ni kake zargi, Baba? Wallahi da ni ne, har ginin zan ɗora a kamiyo." Sai ya rage murya. "Ka riga ka gama aikinka, ka bar shi haka. Motata tana nan ba taya, iyaka a rufe. Mu dai a biya mu."

"Ko ba shi ne ba?"

"Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Wa ya aike shi hawa ganga?"

"Jiya kai ka ɗora shi a kafaɗa."

"Jiya ke nan, Baba."

* * *

Mumuni ya koma farfajiyar banki shi kaɗai, ya durƙusa ya dubi sawun yadda ya kamata ya dube shi tun farko. Ya shafa gefensa da yatsa, sai ya ji baki-bakin ya tashi ya bushe ƙamas. A jiƙaƙƙiyar ƙasa aka taka shi. Ya ɗaga kai ya dubi sama, alhali ya san bana ko ɗigo bai sauka ba.

"Wa ke zuba ruwa a nan?" ya tambayi gardi, mai gadin ƙofa.

Gardi ya nuna masa wata mata zaune a inuwar katanga da tsintsiya a cinya. Kande ce, mai sharar banki.

"Ni ce, Malam," in ji ta. "Kullum bayan la'asar. Mushe ya ce ƙura tana kashe masa furanni, sai na jiƙa filin kaf. Furannin nan ko 'ya'yansa albarka. Akuya ta taɓa cin ɗaya, sai da mai ita ya kwana a bariki."

"Ruwan yakan kai dare?"

"A wannan zafin? Kafin a kira magariba ya bushe kamar ba a zuba ba. Jiya ma ina gamawa na ruga tasha kallo."

"Yau ba ki yi shara ba."

"Ai jiya Mushe ya ce in huta yau, kada in zo da asuba. Ni tunda nake aikin nan ban taɓa samun hutu ba, shi ya sa na kasa zama gida."

Mumuni ya miƙe zumbur, ya haye katanga kamar ba dattijo ba, ya bi lungun da rarrafe. Ta nan shanun unguwa ke fita fadama da safe, ta nan suke dawowa gab da magariba. Garken safe ya tattake tsakiyar hanya, amma can jikin gini ya samu abin da yake nema: sawun takalmin taya, kofaton saniya a kansa, bakin kofaton yana kallon gari.

"Allahu akbar!" Ya ari ƙwarya a wani gida ya kife a kai, ya ce wa matar gidan duk wanda ya taɓa ta, ita da Ajidan.

Yana juyowa ya ga Mushe Isufu tsaye bakin katanga yana murmushi.

"Alhaji Mumuni, har yanzu ba a huta ba?"

"Ban je ba tukuna, Mushe."

"Ai kamar ka je ne. Da zarar an tafi da ɓarawo, sunanka zan fara aikawa Yamai." Ya kakkaɓe hannun rigarsa. "Amma ka san soja. In suka ji wata magana daban, rufe reshen za su yi su kafa kwamitin bincike. Kwamiti kuwa an san ranar zamansa, ba a san ranar tashinsa ba. Jirgin alhazai ba ya jiran kowa, kuma kai ba yaro ba ne."

Gaskiya ya faɗa, kuma Mumuni ya san gaskiya ce. Ya je gindin wata bishiyar bedi ya zauna, ya fito da sabon takalmin ya ɗora a cinya. Shekara da shekaru yana tara kuɗin nan, saniya bayan saniya. Ba a ce ya yi ƙarya ba, shiru kawai ake so ya yi. Ya ji tsoro, ya ji kwaɗayi, har ya fara gaya wa kansa cewa Allah ne ke fid da mai gaskiya, ba dillalin shanu ba. Sai ya tuna da hannunsa ya ɗaga takalmin yaron sama gari ya gani. Da wace ƙafa zai tsaya gaban Ka'aba?

Aka kira la'asar. Ya yi salla a gurguje, ya nufi bariki da gudu, ya tarar kamiyon har ya tada inji.

* * *

Ajidan Sule ya yi faɗa kamar zai ari baki, amma a ƙarshe ya ce wa direban soja ya kashe mota. "Tsoho, in ka ɓata mini lokaci, tare za ku tafi."

Aka taru a farfajiyar banki: direkta, Ɗan'azumi, Kande, da Yacuba cikin ankwa yana ɗaga ƙafa saboda zafin ƙasa. Jama'a suka yi dafifi kan katanga. Mumuni ya zagaye tsohon sawun da duwatsu, ya sa Kande ta jiƙa sauran filin yadda ta saba.

"Ranka ya daɗe, da safe na yi gaggawa," ya ce. "Sawun nan a laka aka taka shi. Laka kuwa ba ta samuwa a nan sai tsakanin la'asar da magariba. In ana shakka, akwai ƙwarya a lungu, a je a buɗe."

Ajidan ya je da kansa, ya dawo fuska a murtuke. "Kofato ne kan sawu. Sai me?"

"Ina ya dosa?" in ji Mumuni.

"Cikin gari."

"To saniya mai dawowa gida ce ta taka shi. Ke nan mai takalmin ya riga shanu wucewa, rana ba ta faɗi ba. Jama'a, jiya kafin magariba ina Yacuba yake?"

Kowa ya san amsar, kowa kuma ya san abin da za ta ja masa. Can sai wata mai kifi ta ɗaga murya daga kan katanga: "Yana kan ganga! Ni na miƙa masa ruwa!" Sai wuri ya ɓarke, wannan na cewa ya gani, wancan na cewa ta rufe baki.

Mumuni ya ɗaga hannu. "Saura mu ga wanda ya ari takalmin. Ɗan'azumi, ɗauki buhun can, ka fito daga ƙofa ka nufi katanga kamar an biyo ka."

Buhun yashi ne. Ɗan'azumi ya saɓa shi, ya zabura, ya bi hanya miƙe ta tsakiyar lambun.

"Kai! Kai! Furannina!" Direkta ya daka tsalle har hularsa ta faɗi. "Dabba kawai, ba ka gani ne?"

Dariya ta ɓarke. Mumuni kuwa bai yi ba. Ya kama hannun Ajidan ya nuna masa ƙasa.

"Dubi na Ɗan'azumi, ya nutse saboda kaya, kuma ya bi ta inda ya fi kusa, kamar kowane mai gudu. Yanzu dubi na ɓarawonmu. Bai nutse ba, ko kaza bai ɗauka ba balle buhunan silalla, don babu abin ɗauka a akwatin. Ga shi ya zo bakin lambu ya karkata, ya zagaye shi a hankali, ko ganye bai taɓa ba. Na bi ɓarayi har cikin Benin, ranka ya daɗe, ban taɓa ganin mai tausayin fure ba."

"Wannan rainin hankali ne!" in ji direkta. "Ajidan, zan buga waya Yamai!"

"Kande," in ji Mumuni, "wa ya ce kada ki yi shara yau?"

"Mushe ne. Tun jiya."

Ajidan ya juya a hankali. "Mushe Isufu, tun jiya ka san akwai sawun da bai kamata a share ba?" Ya sa ƙafa ya tura masa takalmin tayan. "Cire naka. Sa wannan, ka taka mana."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Direkta ya sa ƙafa ɗaya, takalmin ya yi masa yawa, ya dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya dubi jama'a, sai ya zauna daɓas a bakin lambun.

"Da ba a canza kuɗin ba, da na mayar," ya ce. "Wallahi da na mayar har da riba."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Da ƙyar jandarmomi suka ratsa da shi zuwa kamiyo, mata na jifa da ƙashin kifi, Ɗan'azumi na ihu ya fi kowa. Aka kwance ankwa daga hannun Yacuba aka ɗaura a nasa. Kafin motar ta tashi Ajidan ya sa aka garƙame ƙofar banki, ya ce babu mai shiga babu mai fita sai kwamiti ya zo daga Yamai.

Nan murna ta koma ciki. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka yi wa Mumuni jinjina da safe suka wuce shi ba sallama. Ɗan'azumi ne kaɗai ya tsaya, ya ce, "Ka kyauta, Baba. Yanzu sai mu ci gaskiya mu ƙoshi." Ya tofar da yawu ya tafi.

Aka bar Mumuni da Yacuba. Yaron ya nemi takalminsa, jandarma ya ce ya zama shaida, ya tafi Yamai tare da direkta. Ya tsaya yana sauya ƙafa kan ƙasa mai zafi, idonsa cike da hawaye.

"Baba, na ji an ce kujerarka tana ciki."

"Tana ciki."

"Ka yafe mini. Da ban hau gangar nan ba..."

"Rufe mini baki." Mumuni ya buɗe jaka, ya fito da sabon takalmin, ya daɗe yana kallonsa. Zuciyarsa ta yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba. Sannan ya duƙa ya ajiye shi a ƙasar Gaya, gaban ƙafafun Yacuba.

"Haba Baba, wannan ai na Makka ne!"

"Sa ka je gida, uwarka tana kuka tun safe," in ji Mumuni. "Bana dai ba inda za shi."